Ranar da na ɗauki jakar taubashiyata

Faifan roba ne, bai fi murfin ƙaramar tukunya ba. Ana tsayawa a wuri guda a jefa shi, a bi shi inda ya faɗi a sake jefawa, har ya shiga wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi da aka kafa a kan sanda. Wanda ya fi ƙarancin jifa shi ya ci. Turawa na ce wa wasan disc golf. Ban taɓa jin labarinsa ba sai a bakin taubashiyata, 'yar kawuna, da ta zo karatu jami'a a Birmingham, tana zaune a unguwar Aston.

Shekarun da gwamnatin Ingila ta tsuke bakin aljihu ke nan. Ni ina unguwar Gorton a Manchester ina tuƙa motar kai kaya gida-gida, don karatuna bai wuce sakandare ba. Duk inda ka bi sai ka ga an rufe wani abu. Taubashiyata ma wurin ninkaya da take zuwa an soke ranar mata, aka ce ba kuɗin biyan mai tsaro. Tana yawo a wani filin shaƙatawa ta ga mutane suna jifa, wata mata ta ara mata faifai, shi ke nan ta kamu.

Da ta zo mana hutu Manchester ta ja ni wani fili don in gani. Na tafi ne don in yi dariya. Ta gyara hijabinta, ta ja hannu baya kamar mai jan guga, ta murɗa jiki ta saki. Ban ji ko ƙara ba. Faifan ya miƙe ƙasa-ƙasa, sannan ya fara hawa, ya karkata dama ya ratsa tsakanin bishiyoyi biyu, ya tsaya a sama kamar shirwa mai duba kaji, sannan ya komo hagu a hankali ya kwanta a ciyawa. Na ga jifa iri-iri a duniya, na dutse, na sanda, na mangwaro. Duk abin da aka jefa faɗuwa yake yi. Wannan kuwa kamar shawara yake yi a sama kafin ya sauko. Na ce subhanallah a zuciyata. A fili kuma na ce mata, "Yanzu kawu ya sayar da gona don ki zo ki riƙa jefar da murafai?"

Ta ce, "Ɗauko min shi, bawana, ka bar surutu."

Haka muke tun muna yara. Ita 'yar namiji ce, ni ɗan mace, don haka a wasan taubasai ni ne bawa. Ba na yaba mata, ba ta yaba mini. In ta yi sabon ɗinki sai in ce buhun wa ta sata, in na yi aski ta ce an fere ƙwarya. Manya na ji suna dariya, ba mai tsawatarwa.

Akwai wani mai kanti da ke sayar da fayafayan wasan, yana ɗaukar nauyin 'yan wasa su sa rigar kantinsa. Duka maza ne. Da aka yi ta yi masa magana, sai ya ce a gasar da za a yi a Birmingham, macen da ta zo ta ɗaya zai ɗauke ta shekara guda: fayafayai, kuɗin shiga gasa, da na jirgin ƙasa. Kuɗin karatun taubashiyata daga gida ba ya zuwa a kan kari. Ta gaya mini in ba ta samu wannan ba, gasa ta ƙare mata, sai dai jifa a filin unguwa. Ta ce in zo in ɗaukar mata jaka, don kafaɗarta ta huta.

Filin gasar yana bayan unguwar Sparkbrook, mai tudu da kurmi, jirgin ƙasa na wucewa ta gefensa. Kafin mu fita daga mota ta dafa ƙofa ta ce, "Bawana, a nan ake ajiye wasa. In mun fita, ni ƙanwarka ce kawai. In wani zai yi jifa ba a magana. Kuma laifin ɗan dako a kan mai kaya ake rubuta shi."

Na ce, "Na ji, ranki ya daɗe."

Su huɗu ne a rukuninsu. Akwai wata dattijuwa Baturiya mai furfura, ita ke riƙe da lissafin jifa. Akwai wata doguwa da kowa ya ce ita ce gwana. Ban taɓa zaton mata huɗu za su yi shiru irin wannan ba. In ɗaya ta tsaya za ta jefa, sauran ko tari ba sa yi. Sai ka ji iska a ganye, sai fitar faifai daga hannu, can kuma sarƙoƙi su amsa kamar an zubar da cokula a tire.

A kwando na uku ko na huɗu faifanta ya bugi bishiya ya dawo kusan ƙafarta. Na tuntsire da dariya na ce, "Bishiyar ma ta ƙi ki." Ashe doguwar ta riga ta ja hannu. Dattijuwar ta juyo ta ce wa taubashiyata, ba ni ba, wannan gargaɗi ne, in an sake za a ƙara mata jifa ɗaya. Na gyara jakar a kafaɗa muka ci gaba.

Can muka hau wani tudu. Kwandon yana ƙasa da nisa, bayan wani rukukin ƙaya, ba a ko hango shi sosai. Mutane sun taru a nan, har da mai kantin. Doguwar ta bi ta gefe don ta tsira. Taubashiyata ta ɗaga ciyawa ta saki ta ga inda iska ta nufa, sannan ta jefa faifan sama a karkace, can wajen layin dogo, inda na tabbata ya ɓace. Ya yi ta tafiya har ya zama ɗigo. Sai iska ta tallabe shi, ya juyo, ya yi ta gangarowa a kaikaice bisa kan ƙayar, ya sauka a gindin kwando. Aka ɗauki tafi. Tsigar jikina ta tashi. Wai yarinyar nan ce da na sani tana kuka in an tsefe mata kai.

Na so kowa a tudun nan ya san tawa ce. To ni hanya ɗaya na sani ta nuna alfahari da taubashi. Na ɗaga murya, da Turanci don kowa ya ji, na ce a garinmu irin wannan abu mata na rufe tuwo da shi ne a kicin, ita kuwa jefarwa take yi, shi ya sa har yau ba wanda ya aure ta.

Na jira dariya. Mai kantin ya sunkuyar da kai. Dattijuwar ta ce wannan magana ce ta cin zarafi, kuma karo na biyu ke nan. Ta tambayi sauran, ɗaya ta ce ta ji. Aka ƙara jifa ɗaya. Na fara bayani, ina cewa al'adarmu ce, 'yar kawuna ce, ita ma tana yi mini. Taubashiyata ta ce da Hausa, a hankali, "Yaya, ya isa."

Ba ta taɓa ce mini Yaya ba sai ranar.

Abin da ta yi daga nan har yau ina mamakinsa. Ba ta yi musu ba, fuskarta ba ta canza ba. Ta riƙa miƙo hannu ina sa mata faifai. Ta ratsa kurmi ta wata kafa da ni ko akuya ba zan ce ta bi ba. A kwandon ƙarshe ta tsaya da nisa, gwiwa ɗaya a ƙasa saboda reshe ya tare ta, ta cilla, sarƙoƙi suka kama. Doguwar da kanta ta rungume ta. Da aka haɗa lissafi, doguwar ta fi ta da jifa ɗaya.

A mota na fara ƙorafi, don kunya ta hana ni yin shiru. Na ce mutanen ƙasar nan sun ɗaure wa kowa baki. A wurin aikinmu ma sai da aka tara mu aka koya mana kalmomin da ba a faɗa. Mutum ba zai yi wasa da 'yar'uwarsa ba sai an ce ya ci zarafi.

Ta bari na gama. Ta ce, "Ka san an taɓa sa hoton jifana a intanet? Ka san me maza suka rubuta a ƙasa? Wai in koma kicin. Wa zai aure ta. Dattijuwar nan ita ta zauna tana goge su ɗaya bayan ɗaya."

Na ce, "Ai ni ba haka nake nufi ba."

"Na sani. Kai ka sani, ni na sani. Su wa ya gaya musu?" Ta dubi titi. "Kuma wasan taubasai ramawa ake yi. Da me zan rama a can? In ce maka bawa a gaban Turawa, da baƙar fatarka? Ni na bar nawa a mota."

Na yi ta tunanin gida, inda in na tsokane ta akwai inna da gwaggo da za su ce, rama mana, kada ki bar shi. A tudun nan ba ta da kowa sai ni, ni ɗin ma da Turanci na yi.

Da muka isa Aston na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun a kan tudu, in ba haka ba da sauran jifanta ya lalace. Ta sauke jakarta da kanta. Na ce duk gasar da ta faɗo ranar da ba na aiki, zan zo daga Manchester in kai ta.

Ta ce, "Ka kai ni. Amma ka tsaya a mota."

Haka muka yi har ta gama karatu. Doguwar ta sa rigar kantin shekara guda. Da shekara ta zagayo taubashiyata ta yi shirin sake nema, sai muka ji an rufe kantin, kamar yadda aka rufe wasu da yawa a lokacin.