Sawun Mai Atisaye

A garinmu, can bayan Garhanga, mutum ba ya gudu a banza. Ko dai wani abu ya biyo shi, ko akuyarsa ta shiga gonar mutane. Shi ya sa da wana ya fara zuba gudu kullum bayan la'asar, daga ƙofar gida har kan tudu, sai aka ce ya taɓu.

"Mi ka korar ka?" in ji Inna.

"Ba komi, Inna. Atisaye na. Soja nika so in shiga."

Ranar na fara jin kalmar. A lakwal, wato makaranta, sifor muke cewa, likita kuma ya ce wa tsofaffi su motsa jiki. Atisaye kuwa wana ya tsinto ta a bakin wani tsohon sojan Najeriya a tashar Madawa, wanda ya ce masa kalmar bariki ce da Turawa suka bari: wahalar da jiki yau don ya iya ɗaukar ta gobe. Ni dai dariya nake yi masa. Ƙato da shi, yana tsallake jerin duwatsun tare ruwa kamar ɗan akuya.

Aka ɗauke shi soja kuwa. Ana gobe zai tafi ya yi gudunsa na ƙarshe, Inna ta bi bayansa ta ɗebi ƙasar sawunsa, ta ƙulle a tsumma ta rataye a ɗaka. Haka ake yi a wajenmu don matafiyi ya komo.

Wayarsa ta daina shiga tun damina ta biyu. Ba gawa, ba labari. Har yau in rediyo ya ce sojoji suna atisaye, sai in tsaya in kasa kunne, kuma wani lokaci bayan la'asar sai in ji kamar ana haki a bayan danga. Na sha leƙawa.

Da ciwo ya kwantar da Inna, ta sa na sauko mata da ƙullin. Ta daɗe tana juya shi a hannu.

"Sawu biyu na ishe rannan, ɗiyata," ta ce. "Na hawa tudu da na komowa gida. Ina sauri kar a gane ni. Na hawa na ɗiba."