Hular Saura Kaɗan

Duk wanda ya taɓa kai fanka gyara a layin nan ya san muryarsa kafin ya san fuskarsa. Kana tsaye a bakin shago, shi yana ciki ya duƙa a kan tebur, ko ɗagowa ba zai yi ba zai ce, "Saura kaɗan." Ka dawo gobe, saura kaɗan. Ka dawo jibi ka tarar fankarka tana juyi lafiya lau, iskarta har tana ɗaga kalandar bango, ka miƙa hannu za ka ɗauka, sai ya dafe ta.

"Ba ka ji ba?"

"Me zan ji?"

"Tana 'yar ƙara. Kasa kunne."

Sai ka kasa kunne har ka gaji ba ka ji komai ba. Shi ya ji. Da haka sunansa na yanka ya ɓace, manya da yara kowa Saura Kaɗan yake kiransa, shi kuma yana amsawa. Ba ha'inci ba ne, ba kuma lalaci ba. Abin da ya gyara ba ya dawowa. Fitarsa daga shagon ce wahala.

Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Ragar fanka rataye a rufi, dutsen guga a jere kamar masu jiran layi, gwangwanayen madara cike da noti kowanne da girmansa. A bangon da ke saman tebur akwai ƙusa guda da ba a rataya mata komai sai wani zoben jar waya. A can saman kanta kuma akwai wani ƙunshi cikin tsohuwar rigar matashin kai, wanda duk layin suka san ko mene ne, amma kaɗan ne suka taɓa ganinsa.

Asalin ƙunshin nan, 'yarsa ce. Ita kaɗai Allah ya ba su, sunan mahaifiyarsa ya sa mata, don haka Mamana yake ce mata. Tana shekara bakwai wani ya kawo bidiyo gyara bai sake waiwayarsa ba. Da ya buɗe sai ya tarar da kaset a maƙale a ciki. Ran Asabar da rana ya kai gida ya jona da tsohuwar talabijin ɗinsu. Fim ne na mutanen da ke yawo a jirgin sararin samaniya. Yaren ba wanda ya ji, amma yarinyar ko ƙyaftawa ba ta yi. Matuƙin jirgin yana da wata koriyar hula mai rufe kai duka, da gilashi a fuska, da tiyo daga haɓa zuwa ƙeya, da ƙananan fitilu bakwai a goshi.

"Baba, ka yi min irinta."

"Wannan? Ai aikin kwana biyu ce."

Ya zaro jar waya daga aljihu, ya zagaya kanta da ita, ya murɗe bakin. Ta ce yana mata cakulkuli.

Kuma a kwana biyun ya yi. Bokitin fenti na roba ya kifa, ya yanke gabansa, ya liƙa farar robar kwalbar ruwa a madadin gilashi. Tiyon ya ciro daga mataccen injin wanki, ya sa ƙwan tocila guda a goshi, ya shafe ta da koren fenti. Yarinyar ta sa ta tun fentin yana kama hannu. Yinin ranar tsakar gida ya zama jirgi. Murfin tukunya ne sitiyari, igiyar shanya kuma wata duniya ce da ba a taɓawa. Uwarta ta kira ta cin abinci, ta amsa daga cikin bokiti da wata murya mai amo, "Ba ma cin abinci a sama."

Shi yana tsaye a bakin ƙofa. Uwar tana dariya har da hawaye, amma shi abin da idonsa ya gani daban. Ya ga ramukan da ya cire mariƙin bokiti. Ya ga gam ya zubo a gefen gilashin. Ya ga fitila ɗaya inda ya kamata a ga bakwai. Kashegari tana makaranta ya ɗauke hular ya tafi da ita shago, ya wargaza ta, ya ajiye tiyon kaɗai, sauran ya zuba wa masu sayen tarkace.

"Baba, ina hulata?"

"Tana shago, Mamana. Waccan ta wasa ce. Ta gaske zan yi miki. Saura kaɗan."

Ta gasken ce ta ci shekara goma sha tara.

Bidiyon da tsohuwar talabijin ɗin ya kwaso su ya kawo shago. In aiki ya yi sauƙi sai ya sa kaset ɗin, ya kai wurin da matuƙin ke juyowa, ya tsayar da hoton, ya manna fuska a jikin talabijin yana zane a bayan kwali. Ya mayar baya, ya sake tsayarwa. Har zaren kaset ɗin ya cinye a daidai wurin, hoton ya koma rawa da layi-layi. Ya samo hular kwano ta masu babur wadda ta tsage, ya gwada ta da zoben jar wayar ya ga ta yi girma, sai ya raba ta biyu da zarto, ya rage, ya haɗe. Kunnuwan murfin injin fanka ne. Maɓallan gefe daga matacciyar kalkuleta. Gilashin fuska kuwa, farantin roba yake gasawa a kan dutsen guga yana lanƙwasawa a hankali. Sau goma sha ɗaya yana ƙonewa ko ya yi kumfa, na goma sha biyu ya fito tas.

Maƙwabcin shagonsa mai walda ne, mutum mai baki kamar injinsa. Yakan leƙo da baƙin gilashi a goshi.

"Injiniya, yaushe za mu tashi? Na yi wa iyali sallama tun bara."

"Ka dai riƙe min nan in ɗaure."

"In riƙe. To in mun je saman ka bar ni a tasha ta farko, na ji an ce can ba a ɗauke wuta."

A gida ba da wasa ake faɗa masa ba. Matarsa takan ce, "Malam, ka ba yarinyar nan abarta ko yaya take. Ita ba ƙirga fitila take yi ba."

"In za a yi abu, a yi shi."

"To Allah ya sa a yi shi muna raye."

Da farko kullum aka tashi makaranta sai yarinyar ta biyo ta shago, ta ajiye jaka, ta ɗaga kai tana kallon kanta. Daga baya sai ranar Asabar. Daga baya ta daina tambaya, sai dai ta gaishe shi ta wuce. Ya lura ta daina. Abin da ya fi ci masa rai yanzu shi ne, a lokacin daɗi ya ji. Ya ce a ransa, madalla, yanzu zai yi aikin a tsanake.

Ta gama sakandare, ta shiga makarantar koyon jinya. A shekarar da ta fara aiki a asibiti ne mai walda ya shigo da babbar waya a hannu yana murmushin mugunta.

"Zo ka ga mutuminka. Na samo maka shi, garau."

Ga matuƙin nan ya juyo, hoto tsaf, ba rawa ba layi. Fitilu bakwai, daidai. Maɓallai, daidai. Amma hular shuɗiya ce. Saura Kaɗan ya karɓi wayar ya kai ta bakin ƙofa wurin haske. Shuɗiya ce dai. Ashe tsohuwar talabijin ɗinsu ce launinta ya lalace, shi mai gyara bai taɓa zarginta ba. A makon nan ya bi hular da samfefa ya kankare koren duka, ya yi ta haɗa fenti har ya samu shuɗin da ya yi daidai da na wayar.

Bayan shekara biyu, wata safiya yana ɗaura agogo zai fita, matarsa ta ce, "Takardun Mamanka sun fito. Wani asibiti a ƙasar waje ya ɗauke ta. Ran Alhamis za ta tashi, kuma ba ta san ranar dawowa ba. In kana da abin ba ta, to ka ba ta."

Kwana uku bai karɓi fankar kowa ba. Ran Laraba da hantsi ta zo shagon yi masa sallama, doguwar mace da mayafi da jaka a kafaɗa. Sai da ta sunkuya don kada ragar fanka ta buge ta.

"Baba, sannu da aiki."

"Zauna, Mamana." Ya share mata benci da hannun riga. Ya hau kujera ya sauko da ƙunshin, ya zare rigar matashin, ya danna makunni. Fitilu bakwai suka kama a jere. Mai walda da ya biyo bayanta ya matso yana ƙirga su da yatsa.

"An gama," in ji uban. Kalmar ta yi masa baƙunta a baki.

Ta daɗe tana kallo. "Ta yi kyau, Baba. Wallahi ta yi kyau." Ta shafa fentin da yatsa. "Amma ba koriya ba ce?"

"Talabijin ɗinmu ce ta ruɗe mu. Ta ainihin shuɗiya ce, na gani da idona."

"Au. Ni koriya na sani."

"Gwada mana."

Ta zame mayafi ta ɗaga ta da hannu biyu. Hular ta sauka a tsakiyar kanta ta tsaya, ko kunne ba ta kai ba. Ta ɗan danna, ta juya, ta ƙi. Sai ta yi dariya, hular tana lilo a kanta kamar kwano.

"Ba zai yiwu ba," in ji shi. "Da awo na yi." Ya miƙa hannu ya ciro zoben jar wayar daga ƙusa. Sai da ya riƙe shi a gabanta sannan ya ga ƙanƙantarsa. Shekara goma sha tara yana gwada komai da wayar nan, ko sau ɗaya bai zo masa a rai ya sake auna kan mai hular ba.

Mai walda ya ce a hankali, "Da ka bar kwanon yadda ka same shi, da ya shige ta." Ba wanda ya yi dariya, shi ma ya koma shagonsa.

Ta sauke hular ta ɗora a cinya. "Ta bokitin nan fa, Baba? Na sha zuwa in tambaye ka, sai in ga kana ta fama da wannan, in ji kunya. Ranar nan da na sa ta, har yau in aiki ya yi min zafi ita nake tunawa. Warin fentin ma ina jinsa."

"Na zubar. Tiyon nan kaɗai ya rage."

Ta bi tiyon da yatsa har ta tsaya kusa da haɓa, inda robar ta lotsa. "Ka ga haƙorana. Cizo nake yi in jirgi zai faɗi." Ta ɗago. "Hular ba za ta shiga akwati ba, Baba. Ka cire min wannan."

Ya dubi hular. Wata biyu ya yi kafin tiyon nan ya zauna ba a ganin mahaɗinsa. Bakinsa ya motsa, ita ma ta san abin da ya saba fitowa daga ciki, ta jira. Sai ya jawo sukundireba. Noti huɗu ne, na ƙarshen ya yi gardama, ya sa ƙarfi har shuɗin fentin ya ɓantare. Ya miƙa mata. Ta naɗe tiyon ta sa a jaka kusa da takardun tafiyarta, ta durƙusa ya sa mata albarka.

Yau shekara uku da tafiyarta. Tana kira duk mako, ta ce tiyon yana kan tebur ɗinta, abokan aikinta sun ɗauka na wata na'urar asibiti ne. Hular tana nan a kan kanta, ba ya rufe ta yanzu, da rami a haɓa da rami a ƙeya. Masu sayen tarkace sun kawo masa tiyo iri-iri, bai karɓa ba. A bakin ramin haɓar, inda samfefa ba ta kai ba, akwai ɗan kore kamar faɗin farce. In shago ya yi shiru, shi yake zama yana kallo.