Ni da Yaya da Japananci

Yayana ne ya kawo maganar Japananci gidanmu. Gyaran wutar mota yake yi a Gawon Nama, kuma a lokacin motoci 'yan kwatano masu allo a gaba sun fara yawa a Sakkwato, wasunsu duk rubutun Japan ne a ciki. Mai mota zai zo a gyara masa agogo ko a kashe wata ƙara, Yaya ya yi ta latse-latse a makance. Wata rana ya same ni a Minanata, inda nake koyarwa, ya ce, "Kai da ka yi boko, taho mu koyi abin ga tare."

Bayan la'asar nake zuwa garejin, mu zauna kan benci da waya ɗaya da takardun da na bugo. Baƙaƙen farko ya riga ni haddace su. Da alli yake rubuta su a jikin wata tsohuwar ƙofar mota, ya goge da tsumma, ya sake. Akwai jarrabawar harshen, matakai biyar gare ta, daga na biyar ake farawa. Muka je Abuja tare, da sakamako ya fito duk mun ci. Ranar har tsire ya saya wa kowa a garejin.

A mataki na huɗu abin ya yi nauyi. Baƙaƙe masu zane da yawa suka ƙaru, nahawu ya rikice. Ni ina da hutun makaranta, shi kuwa ga aiki ga 'ya'ya huɗu. Na ci, ya faɗi. Ya ce ba komai, zai sake.

Bayan mako biyu wani alhaji daga Wamakko ya kawo motarsa. Yaya ya duƙa yana karanta abin da ke allon da ƙarfi, don alhajin ya ji. Ya karanta wata kalma ba daidai ba. Da na yi shiru ma, da ya gyara motar, don ya gane ma'anar. Amma sai na yi dariya, na ce, "Haba Yaya, wannan ai tun mataki na biyar muka wuce ta."

Alhajin ma ya dara. Yaya ya miƙe, ya ba ni wuri, ya ce, "To malam, karanta muna."

Washegari da na zo ya ce aiki ya yi masa yawa. Jibi ma haka. Bai taɓa cewa ya daina ba, ni kuma ban ba shi haƙuri ba, ina ganin zai huce da kansa. Na samu wasu ɗalibai a intanet, na ci gaba da su.

Shekara biyu na yi kafin na haye mataki na uku. Yanzu ina karanta gajeren labari, ina rubuta wasiƙa, amma duk garin nan ba ni da wanda zan yi wa magana da harshen. Da na kira Yaya na gaya masa, ya ce, "Madalla, Allah shi ƙara basira." Sai ya tambayi lafiyar iyali.

Har yanzu ina zuwa garejin, muna hirar komai ban da wannan. Kwanan baya na buɗe baki zan yi maganar dariyar da na yi masa, sai wani ya shigo da mota yana ta hon. Yaya ya tashi, ni kuma na ji daɗin samun dalilin fasawa. Har yau ban faɗa ba.