Mita Arba'in da Biyu

Levi makanikin famfon burtsatse ne, shekara ashirin yana aikin a Kafanchan, kuma dama ba mai yawan magana ba ne. Da taifot ya kashe 'yarsa Joanna, saboda ruwan rafin da suke sha a ƙauyensu kusa da Fadan Kaje, bai yi kuka ba. Ran Litinin ya koma aiki.

Bayan wata uku, ikilisiyarsu ta tura mutum takwas wani ƙauye a Chadi, aikin bishara na mako biyu, su haƙa burtsatse. Fasto ya sa sunansa, wai tafiyar za ta sanyaya masa zuciya. Mutane dai akwai son gyara abin da ba su san kansa ba.

Ran da ruwa ya fito, matan ƙauyen suka rangaɗa guɗa, abokan tafiyarsa suka ɗauki waƙar yabo. Aka miƙa masa ƙoƙon farko, tunda shi ya ɗaura famfon. Ya sha, ya ce babu gishiri, ya shiga tattara sifanoninsa.

Da suka dawo, aka kira shi gaban ikilisiya ya ba da shaida. Ya ce, "Mita arba'in da biyu muka haƙa." Aka tsaya ana jiran saura.

"Namu a gida, ashirin ma ta isa," in ji shi. Ya koma ya zauna kusa da matarsa Hulda, wadda ko da safen nan daga rafin ta ɗebo.