Ranar da Muka Kafe a Yashin Rafi

Bazarar shekarar da autata ta kamu da sanƙarau ba za ta fita daga raina ba. Zafin shekarar ya wuce na kullum, rijiyoyin Randagi sun ja ƙasa, kowa idonsa na gabas yana jiran hadari. Sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, mu dai a ƙauye abin da ya dame mu ruwa ne da ciwon yara.

Maigidana ya yi shekaru yana gyaran kekuna kafin ya sayi tsohuwar akori-kura. Tuƙi ya iya, amma hankalinsa na mai keke ne. A wurinsa taya mai kyau ita ce wadda za ka latsa da yatsa ta ƙi lotsawa. Da safen da wuyan yarinyar ya sandare, muka shirya zuwa asibitin Birnin Gwari, sai ya ɗauko famfo ya bi tayoyin huɗu yana dura musu iska, yana ƙwanƙwasa su da sanda har sai da suka yi ƙara kamar ganga. Don ƙaunar 'yarsa ya yi, yana ganin hakan zai sa mu fi sauri.

Tun daga bakin gari motar ta fara tsalle. Ko ƙaramin dutse muka taka sai kan yarinyar ya bugi ƙirjina ta yi ƙara. Na ce, "Malam, a hankali." Ya ce, "Ai a hankalin nake, hanya ce." Da muka shiga daji muka iso wani rafi da ya ƙafe, tayoyin baya suka yi ta juyi wuri ɗaya suna haƙa rami. Rana ta take, ruwan goranmu saura kaɗan, yarinya kuma ta daina kukan ma.

Muna nan sai ga motar katako. Direbanta, wani dattijo Bagwari, ya sauko ya taɓa tayarmu da ƙafa, ya dubi maigida.

"Ƙanena, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

"Ni ne, Baba."

"To keke ka hau ko mota?"

Ya zaro wani ƙarfe kamar alƙalami daga aljihu, geji yake kiransa, ya danna a bakin tayar. Ya ce iskar ta kusa ninka ƙa'ida, da kan kwalta muke a zafin nan da tuni ta fashe. Kowace mota da adadinta, in ji shi, nasa na babbar mota ne, namu kuwa yana rubuce a jikin ƙofa. Sai dai dattijon ya manta tabaraunsa, maigida kuma ajami kawai ya sani. Suka tsaya suna kallon ɗan farantin ƙarfen da ke jikin ƙofar.

Na yi shekara biyu ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, ban taɓa karanta komai a gaban maza ba. Na matso da yarinya a kafaɗa, na goge wurin da gefen zanena, na ce, "Gaba ashirin da shida, baya talatin."

Dattijon ya sassauta iskar har ƙasa da haka, tayoyin suka ɗan baje a kan yashi, motar ta fita kamar ba ita ba. A ƙetaren rafi maigida ya yi famfo, ni ina karanta gejin, har muka kai adadin. Daga nan motar ta lafa, yarinyar ta samu ta kwanta a cinyata. Malamin asibiti ya yi mata allura, ya ce mun iso a kan gaɓa. Ta tashi, sai dai kunnenta na hagu bai ƙara ji sosai ba. Yau tana da jikoki.

Na fahimci cewa yawan abu ba shi ne kyansa ba, kuma sanin keke ba sanin mota ba ne, ko da hannu ɗaya ke riƙe su. Washegarin ranar da muka iso, da safe, ƙarƙashin bishiyar maina ta asibiti, na share ƙasa da tafin hannu, na ɗauki tsinke na rubuta ɗaya zuwa goma da boko. Maigida ya waiga ya ga ba mai kallo, ya tattare rigarsa ya tsuguna kusa da ni.