Facin Roba a Kwalekwalenmu

Ƙarshen damina ne, lokacin da tafki yake cika har ya shanye gonakin shinkafar bakin gaɓa. Shekarar ba ta zo mana da daɗi ba. Kifi ya yi ƙaranci, kuma kowace ranar kasuwa sai an dawo mana da labarin wata tunga da 'yan bindiga suka shiga. Mu a tsibiri muke, 'yan gidajen masunta ne, ruwa ya zagaye mu ta ko'ina. Mun daɗe muna ɗaukar ruwan nan katangarmu.

Da abin ya yi yawa aka kawo sojoji gaɓar Warra, inda jirage suke tsayawa, har da tankar yaƙi guda. Na gan ta ranar da na kai kifin banda kasuwa. Ƙarfe ce zalla, tafiyarta a kan sarƙa, bakin bindigarta yana kallon ruwa. Mutane suna ta murna. Da na koma na ba uwar maigidana labari, wadda duk muke ce wa Inna, sai ta ce, "Tana iyo?"

Na ce, "A'a, Inna."

"To ta mutanen tudu ce, ɗiyata."

Maigida yana da jirgin inji, da shi yake lodin kasuwa. A gida kuwa akwai tsohon kwalekwalen katako da ya tsage a ciki, tsawon tafin hannu. Yadda aka saba, kafinta ne yake cusa auduga a tsagar, ya ɗora guntun katako ya bi da ƙusa. To kafintan ya riga ya kwashe iyalinsa ya koma Yelwa. Sai ƙanen maigida, da muke gida ɗaya, ya yanko tsohuwar jarkar roba ya narka ta a wuta, ya tsiyaya a tsagar. Ba shi ya fara ba, rabin tungar haka suke yi. Facin ya bushe sumul, ko ɗigo ba ya shiga.

Inna ta zo ta ƙwanƙwasa wurin da farce. Ta ce, "Itace in ya sha ruwa kumbura yake, ya toshe bakinshi da kanshi. Ita roba mi ta sani?"

Ya yi dariya. "Inna, ai kwanon tuwonki ma na roba ne."

"Shi ya sa kullum ake sake mani wani, ja'iri. In ya fashe a yar. Jirgi ana yar da shi a tsakiyar ruwa?"

Muka yi dariya har da ni.

Ranar da abin ya faru, maigida ya tafi Yelwa da lodi, can zai kwana. Bayan azahar wani masunci ya iso yana haki, ya ce 'yan bindiga sun ƙwace jirage a tungar da take bayanmu, suna tafe. Kowa ya ruga ga jirginsa. Mu ba mu da wani sai kwalekwalen nan. Na goya ƙaramar 'yata, na tura manyan yarana biyu ciki, aka kama Inna ta shiga. Muka ɗora buhun shinkafa da tukunya. Ƙanen maigida ya kama tuƙi, muka nufi gaɓar Warra.

Mun wuce rabin hanya iska ta taso, igiyar ruwa tana dukan cikin jirgin. Sai na ji sanyi a tafin ƙafata. Na duba, facin ya ɗago gaba ɗayansa kamar ɓawon miki, ruwa yana ɓulɓulowa. Muka tura buhun shinkafar cikin tafki. Na kama kwasar ruwa da tukunya. Inna ta kwance ɗankwalinta ta dunƙule, ta cusa a tsagar, ta zauna a kai.

Ta ce wa ɗanta, "Tuƙa, kai! Kada ka dube ni."

Ina kwasa, yana tuƙi. Muna hango tankar a tsaye a bakin gaɓa, sojoji suna ɗaga mana hannu suna kira. Mun matso har ina iya ganin fuskokinsu, sai wata igiya ta zo ta gefe ta cika jirgin. Bai kife ba, zamewa kawai ya yi daga ƙarƙashinmu.

Na cafki rigar ɗana na tsakiya. Ƙanen maigida ya kama babban. Sojoji suka faɗo ruwa har ƙirji, masunta suka zo da jiragensu aka tsamo mu. Na kwance goyona, ta yi tari ta fasa kuka. Na taɓa kawunansu ɗaya bayan ɗaya, duka ukun suna numfashi.

Inna ce ba ta taso ba. Aka yi ta jefa taru ana nemanta har magariba, ba a same ta ba.

Ƙanen maigida ya zauna a ƙasa, ruwa yana zuba daga rigarsa. Ya ce, "Matar yaya, ni na kashe ta."

Na ce masa kwana ne ya ƙare. Bai ɗago ba.

Wata mai sayar da koko ta ba mu ɗaki muka kwana. Da asuba na yi salla, na bar mata manyan biyu, na goya ƙaramar na koma bakin ruwa. Na tsaya daidai turken da maigida yake ɗaure jirginsa in ya biyo ta Warra, don kada ya ji labarin Inna daga bakin 'yan lodi kafin ya ji daga nawa. Hantsi ya fara ɗagawa na ji ƙarar injinsa daga wajen Yelwa. Na gyara goyona, na taka cikin ruwan har idon sawu don in tarye shi.