Masarar Malam Maharazu da Takin Baba Lawwali

"Wai malamin nan na lissafi ne ya shuka masara ya hana ta taki?"

"Ba duka ba. Wata kunya ya hana, wata kuma ya ɗura mata kamar yana gaba da ita."

"To ko dai karatun ne ya yi mishi yawa?"

"Ai ka san lissafi. In bai ci gashin kai ba, ya ci abin da ke ƙarƙashinsa."

A teburin mai shayi da ke bakin hanyar Faskari aka yi wannan hira, Malam Maharazu na zaune a ƙarshen benci, ya juya baya. Ya shanye shayinsa, ya tayar da babur ya nufi makaranta.

Mutumin Ƙanƙara ne, ɗan manomi. Shekara goma sha tara ke nan yana riƙe da alli: tara a Sabuwa, sauran a wata sakandare da ke kusa da Ruwan Godiya. A Sabuwa har yau ana tuna yadda yake koyar da lissafin da harafi ke zama a ƙasan rabo. Sai ya ce, "Malmalar tuwo ɗaya ce, baƙi na ta sallama. Rabon kowa na raguwa, amma ba ya taɓa zama babu." Wannan ya shiga kan yara.

Abin da ya ƙi shiga shi ne kwadiratik, lissafin da zanensa ke hawa ya kai ƙololuwa sannan ya gangaro. Ɗalibansa sun haddace fomula, suna rera ta baki ɗaya har ajin kusa ya ɗauki amshi. Amma in ya tambayi dalilin da ya sa layin ke saukowa, sai aji ya yi tsit. In jarrabawa ta sauya wa tambayar riga, sai su kasa gane ta.

"Ba na son waƙa," yakan ce. "Suwaibatu, me ya sa ya sauko?"

Suwaibatu, wadda ta fi kowa kai a ajin, takan ce, "Malam, haka kuka zana shi."

Wannan amsa ce ta kai shi ofishin shugaban makaranta neman filin da ke bayan ajujuwa. Shugaban ya ba shi damina ɗaya, ya ce bayanta fili zai koma hannun malamin aikin gona. Ɗaliban kuma, da an yi girbi sun shiga shekarar ƙarshe, jarrabawar fita na jiransu.

Dabararsa mai sauƙi ce. Kunya shida ta masara. Ta farko babu taki. Ta biyu murfin kwalbar lemo ɗaya a gindin kowace shuka, ta uku biyu, haka har ta shida mai biyar, wadda ya san zai ƙona ta. Ranar girbi a auna, a ɗiga a takardar giraf, yara su ga da idonsu amfani ya hau sannan ya faɗo. Su suka yi shuka, su suka sa taki, sannan aka tafi dogon hutu.

Aka bar gonar da Baba Lawwali, maigadin makaranta, dattijon da ya yi noma shekara hamsin kafin gwiwa ta zaunar da shi a bakin ƙofa. Malam ya gaya masa ya kori awaki. Bai gaya masa komai bayan wannan ba.

Da aka dawo hutu, Malam ya tarar da masara ta yi kore shar, kai ɗaya, kamar an yi mata aski. Ya ce wa kansa ido ba mudu ba ne. Aka karya, aka shanya, aka sussuke, aka kawo kwanon awo gaban aji.

Kunya ta farko, kwano bakwai. Ta biyu, bakwai. Ta uku, bakwai da ɗan kai. Ta shida, wadda ya kamata ta ƙone, bakwai.

Suwaibatu ta ɗiga a allo, ta haɗa, ta ja da baya.

"Malam, layin a kwance yake."

"Na gani."

"Ke nan littafin ne ya yi kuskure?"

Wani daga baya ya ce, "Ko dai a rera fomula, ƙila ya tashi."

Malam ya ajiye alli ya fita. Ya sami Baba Lawwali a gindin darbejiya yana gyaran ƙotar fartanya.

"Baba, wani ya shiga gonar nan lokacin hutu?"

"Ko akuya ba ta shiga ba. Ni ɗai ne."

"Me ka yi a ciki?"

"Gyara na yi maka, Malam. Ranar da kuka tahi na duba, na ga yara sun yi maka ɓarna. Can sun tula taki sai ka ce za su kashe ta, nan kuma ko ƙwaya. Na tone na can na raba. Ta farkon nan da ta hwara yin ɗorawa, na ɗebo ragowar nawa na gida na ƙara mata." Ya ɗago yana murmushi. "Ban gaya maka ba don kada ka yi wa yara hwaɗa."

"Baba, da gangan na bar ta da yunwa."

"Da gangan?"

"Don su ga taki in ya yi kaɗan ba amfani, in ya yi yawa ya ƙona."

"Wannan ai kowa ya sani. Sai an kashe masara?"

"Sun sani a gona. A takarda ne ba su sani ba."

Baba Lawwali ya girgiza kai. "Ni dai ban iya wuce shuka tana kuka ina da abin ba ta."

Shekara goma sha tara Malam yana faɗa da yara, da rashin takardar giraf, da ajin da ke watsewa ranar kasuwa. Bai taɓa zaton tausayi ne zai kayar da shi ba. Ga malamin aikin gona can ya riga ya fara zagaya filin yana auna shi da ƙafa. Damina ta wuce, jarrabawa saura wata shida.

Sai ya tuna dattijon na da lambu a fadama, inda 'ya'yansa ke noman rani. Ya tsuguna a gabansa.

"Baba, albasa wata nawa take yi?"

"In an dasa yanzu, huɗu ta isa."

"To don girman Allah, ka ara mini fangali shida a lambunka. Kuma wannan karon ko ka ga ɗaya tana mutuwa, ka kau da kai ka wuce."